Idan aka rage kuɗin soja, wa zai tsare Chadi?

Tambayar ta fito daga wani malamin makarantar firamare a Injamena. Ya ce ajinsa ya cika har yara na zama a ƙasa, abokan aikinsa sun gaji da yajin aiki a kan alawus, asibitin unguwarsu kuma takarda kawai yake rubuta wa mutum ya je ya sayi magani, alhali kullum yana jin cewa soja ne ke ɗauke kaso mai tsoka na kuɗin gwamnati. Shi ne yake son ya sani: idan aka zaftare kasafin kuɗin soja aka mayar wa makarantu da asibitoci, da gaske ƙasar za ta zauna babu tsaro, ko kuwa tsoratar da mutane ake yi don kada su taɓa maganar?

Malam, tambayarka tana kan hanya, kuma haƙƙin ɗan ƙasa ne ya yi ta. Na yi shekaru masu yawa ina lissafin kayan runduna, wato mai da abinci da taya da kayan gyara, kafin na ajiye aiki, saboda haka amsata daga rumbun ajiya za ta fito. Ana iya rage kuɗin soja tsaro bai raunana ba, har ma ya ƙara ƙarfi. Amma irin ragin da gwamnatoci suka saba yi idan aljihu ya ƙone, wanda ake cewa kowace ma'aikata ta haƙura da kashi kaza, shi ne mafi muni ga runduna, domin wurin da wuƙa ta sauka ya fi yawan abin da aka yanke muhimmanci, kuma idan ba a tsaya an zaɓa mata wuri ba, a wuri ɗaya take sauka kullum.

Dalilin haka yana cikin yadda kuɗin ya kasu. Akwai albashi da alawus na mutanen da ke cikin kaki. Akwai kuɗin sayen sababbin makamai da motoci da jirage, wanda galibi an riga an sa hannu a kan yarjejeniyarsa da kamfanonin waje, ana biya kashi-kashi. Sai kuma kuɗin tafiyar da aiki na yau da kullum: mai, abinci, harsashin atisaye, kayan gyara, magani, batirin rediyo. Idan ministan kuɗi ya ce a rage, babu shugaban da zai fara da albashi, domin ya san mai bindiga ba ya yajin aiki irin naku na ajiye alli a koma gida. Yarjejeniyar makamai kuma idan aka karya ta akwai tara, kuma akwai manyan da ke da hannu a cikinta waɗanda ba za su yarda a taɓa ba. Abin da ya rage shi ne kashi na uku, wanda ba shi da mai kare shi a teburin shawara. Bari in kawo misali da lissafi na ƙiyasi kawai don a gane. A ce a cikin kowace sefa 100 ta soja, 65 albashi ne, 15 biyan makamai, 20 kuma tafiyar da aiki. Idan aka ce a rage 10, jama'a za su ji cewa kashi 10 cikin 100 aka yanke, su ce ai ba wani abu ba ne. Amma tunda ba a taɓa 65 ba, ba a taɓa 15 ba, goman nan daga cikin 20 aka cire ta, wato an raba man mota da kayan gyara da horo gida biyu an ɗauke ɗaya. Yawan sojoji yana nan a takarda, yawan motoci yana nan, ranar 11 ga Agusta za a yi faretin bikin 'yancin kai kamar yadda aka saba, amma rabin ƙarfin motsin rundunar ya tafi ba wanda ya gani.

A Chadi wannan ya fi ciwo fiye da a ƙasashe da yawa, saboda sojanmu soja ne na tafiya. Ƙasar tana da faɗin murabba'in kilomita 1,284,000, tana iyaka da ƙasashe shida, kuma daga Injamena zuwa Faya-Larjo tafiya ce da ta doshi kilomita 1,000, mafi yawanta a cikin rairayi. Duk abin da ya ba sojan Chadi suna, a kan bayan Toyota ya same shi. A 1987, a yaƙin da aka yi da Libiya, ƙarƙashin jagorancin kwamanda Hassan Djamous, an karɓe Fada a watan Janairu, an karɓe Wadi Dum a watan Maris, a watan Satumba kuma aka kai hari har Maaten al-Sarra a cikin ƙasar Libiya, duk da cewa Gaddafi yana da tankoki da jiragen yaƙi da suka ninka namu nesa ba kusa ba. Mutane suna tuna jarumtar, kuma ta cancanci a tuna ta. Ma'ajin kaya kuwa yana tuna wani abu daban: motocin sababbi ne da Faransa ta bayar, da makamai masu fasa tanka samfurin MILAN, kuma jiragen Faransa suna tsare da sararin samaniyar kudu. Motar da ke ɗauke da babbar bindiga da mutane da gangar mai a cikin rairayi tana cin taya da kuloci da matatar iska kamar wuta ta kama busasshiyar ciyawa, kuma kusan duk kayan nan sai sun sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala a Kamaru, su yi tafiyar fiye da kilomita 1,500 a ƙasa kafin su iso. Kayan da ba a yi odarsu ba a watan Janairu, babu kuɗin da zai sa su iso a mako guda idan wuta ta tashi a watan Afrilu.

Na ga yadda abin yake farawa a wata runduna da na yi aiki da ita. Shekarar da kuɗin kayan gyara ya tsaya, makanikai ba su zauna ba. Mota ta lalace, sai a kwance mata abin da ke da kyau a ɗaura wa 'yar'uwarta, wadda aka kwance a jingine ta a bayan gareji a kan duwatsu, da niyyar idan kaya sun zo a tashe ta. Kaya ba su zo ba, ta biyu ta bi ta, ta uku ta bi ta. A rahoton da ake aikawa sama kuwa dukkansu suna nan a matsayin motocin runduna, domin ba a sayar da su ba, ba su ƙone ba, lambobinsu suna cikin littafi. Ranar da umarnin fita ya zo, sai aka cusa mutanen mota biyu a mota ɗaya, aka bar gangar ruwa da akwatunan harsashi a baya don a samu wurin zama. Ba a yi sata ba a wannan karon, kuma babu wanda ya yi ƙarya kai tsaye. Har yau idan na ji an ce an rage kasafi kaɗan kawai, bayan garejin nan nake gani.

Jirgin sama ya fi mota tsanani a wannan fanni. Injinsa yana da adadin sa'o'in da zai yi a buɗe shi, wasu sassansa kuma suna tsufa ko da jirgin yana ajiye, sannan matuƙin da ya yi watanni bai tashi ba dole ya koma horo kafin a amince masa ya kai hari kusa da mutanensa. Chadi ta sayi jiragen Sukhoi 25 daga Yukiren, daga baya kuma ta samu jirage da marasa matuƙa daga Turkiyya, kuma kowane samfuri yana da nasa kayan gyara da nasa masu gyara, waɗanda da kuɗin waje ake biyansu. A watan Yulin 2017 guguwa ta lalata jirage da dama a sansanin Injamena a dare ɗaya, a daidai lokacin da baitulmali ya fi kowane lokaci bushewa. Wannan ba ciwon ƙasashe matalauta kaɗai ba ne. A 2013, da dokar yanke kasafi ta bai-ɗaya ta fara aiki a Amurka, rundunar sojan samanta ta dakatar da tashin rukunoni 17 na jiragen yaƙi na tsawon watanni. Afirka ta Kudu, wadda kuɗin tsaronta ya sauka ƙasa da kashi 1 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara, ta ga jiragenta na Gripen sun zauna a ƙasa kusan shekara guda daga 2021 saboda babu yarjejeniyar gyara. Jamus ta yi shekaru tana tsimi bayan ƙarewar yaƙin cacar baka, sai a Fabrairun 2022 ta ware yuro biliyan 100 a tashi ɗaya, kuma ta tarar kuɗi ba ya mayar da ƙwararren da ya riga ya bar aiki, ba ya kuma gaggauta masana'antar da ta rufe layinta. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a harkar soja goran yakan ɗauki shekaru: kurtu ana horar da shi a watanni, amma sajan da zai riƙe mutane goma a ƙarƙashin wuta, ko makanikin helikwafta, sai an yi shekaru ana zuba masa kuɗi.

Idan ragin ya kai ga abinci da harsashi, to an bar maganar ƙarfin runduna an shiga maganar rayuka da zaman gwamnati kanta. A Agelhok, arewacin Mali, a ranar 24 ga Janairun 2012, harsashin sojojin sansanin ya ƙare ba a kawo musu ɗauki ba, aka kama su aka kashe da yawa daga cikinsu. Matan sojoji suka fito zanga-zanga daga barikin Kati, kuma ranar 22 ga Maris sojojin wannan barikin suka kifar da shugaban ƙasa Amadou Toumani Touré, cikin 'yan kwanaki kuma Kidal da Gawo da Tumbuktu suka faɗi. A Inata ta Burkina Faso, ranar 14 ga Nuwamban 2021, an kashe jandarmomi kusan 50, daga baya kuma ta bayyana cewa sansanin ya riga ya aika wa shugabanni koken cewa abinci ya yanke musu tun makonni biyu. Ranar 24 ga Janairun 2022 aka kifar da shugaban ƙasa Roch Kaboré. Ka lura da wani abu a nan, Malam, domin yana goyon bayan rabin maganarka: kasafin tsaron Burkina a waɗannan shekaru hawa yake yi, ba sauka ba. Kuɗin yana nan a Wagadugu, buhun shinkafa ne bai isa Inata ba.

A namu tafkin, wato Tafkin Chadi, harin Boma na 23 ga Maris 2020 ya ci sojoji kusan 100, na Barkaram a ƙarshen Oktoban 2024 kuma kusan 40. Ba ina cewa ragin kasafi ne ya kashe su ba, Allah ya jiƙansu. Abin da nake cewa shi ne sansanin da ke kan tsibiri, ruwa da ciyawa sun kewaye shi, rayuwarsa tana rataye ne a kan kwalekwale mai inji da man da zai tashe shi, da rediyon da batirinsa ke da caji, da na'urar gani da dare, da helikwaftan da zai iso kafin gari ya waye ya kuma kwashe masu rauni. Duk waɗannan suna cikin kashi na ukun nan da wuƙa ke fara samu.

Game da albashi, tarihin yankinmu ya nuna abin da ya sa ake tsoron taɓa shi. Sojojin Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya, sun yi bore sau uku a 1996, kuma bashin albashi ne ya kunna na farko. Juyin mulkin Kodibuwa na jajiberin Kirsimetin 1999 ya faro ne daga sojojin da ke neman haƙƙinsu, kuma a 2017 an sake yin bore a Buwake a kan kuɗin da aka yi musu alkawari. Maƙwabciyarmu Kamaru ta karanta wannan darasi tun da wuri: a 1993 ta zaftare albashin ma'aikata sau biyu a shekara ɗaya, ta tsallake masu kaki, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Gwamnati ta tsira, amma malamai da ma'aikatan jinya ne suka ɗauki kayan, kuma duk wanda ya san makarantun Marwa da Kusiri ya san an daɗe ana biyan wannan bashi. Saboda haka idan ka ce kullum ku ake yanka a bar soja, ba ƙage ka yi ba.

A Chadi ma haka tarihin kuɗin mai ya tafi. Lokacin da za a shimfiɗa bututun kilomita 1,070 daga Doba zuwa Kiribi a gaɓar tekun Kamaru, an yi dokar 1999 wadda ta ware mafi yawan kuɗin man ga lafiya da ilimi da hanyoyi da raya karkara, aka kuma ajiye kashi 10 cikin 100 domin 'yan baya. Mai ya fara gudana a 2003. A ƙarshen 2005 marigayi Idriss Déby ya sa aka gyara dokar, aka soke asusun 'yan baya, aka shigar da tsaro cikin fannonin da za su ci kuɗin, Bankin Duniya kuma ya dakatar da basussukansa a Janairun 2006, ya fice daga yarjejeniyar gaba ɗaya a 2008. Cibiyar SIPRI ta Suwidin, mai bin diddigin kuɗin makamai, ta lissafa cewa kuɗin sojan Chadi ya ninka fiye da sau bakwai tsakanin 2000 da 2009. Adalci ya sa in faɗi cewa barazanar ba ƙirƙira ba ce: 'yan tawaye sun shigo Injamena a Afrilun 2006, sun sake shigowa a Fabrairun 2008 har suka kewaye fadar shugaban ƙasa, kuma tankoki da helikwaftoci ne suka hana ta faɗuwa. Duk wanda ya tsallaka gada zuwa Kusiri da 'ya'yansa a kafaɗa a waɗannan kwanaki ba zai ce makamai ba su da amfani ba. Amma abin da ya kashe wutar gabas a ƙarshe shi ne yarjejeniyar da aka yi da Sudan a Janairun 2010, kowane ɓangare ya daina ɗaure wa 'yan tawayen ɗan'uwansa gindi, aka kafa rundunar haɗin gwiwa a kan iyaka. A ganina wannan ita ce hanya mafi araha da ƙasar nan ta taɓa bi ta rage nauyin tsaro, domin barazanar kanta aka rage, sannan kuɗin ya samu damar sauka. Da farashin mai ya faɗi a 2014, ga kuma bashin fiye da dala biliyan ɗaya da aka ci daga kamfanin Glencore don sayen hannun jarin Chevron, sai aka zo da matakai 16 na tsuke bakin aljihu a 2016, aka yanke rabin alawus ɗin ma'aikata, makarantu suka yi watanni a rufe. A daidai waɗannan shekaru ne kuma sojojinmu suke Mali tun 2013, suke Fotokol da Gambaru da Damasak a 2015. Ƙasa ta ɗauki aikin tsaron yanki gaba ɗaya da aljihun da ba ya iya biyan malaminta.

To, ina kitsen yake, idan ba a mai da kayan gyara ba? Wuri na farko shi ne takardar albashi. Sojan bogi, wato sunan da ake karɓar albashinsa alhali mai shi ya rasu, ko ya gudu, ko bai taɓa wanzuwa ba, ciwo ne da aka sani a rundunoni da yawa. A ƙarshen 2014, bayan faɗuwar Mosul, firaministan Iraƙi Haider al-Abadi ya bayyana cewa an gano sunaye 50,000 irin waɗannan. Cutar sojan bogi kashi biyu ce: yana cin kuɗi, sannan yana sa kwamanda ya tsara yaƙi da mutanen da babu su. A nan gida an yi tantance sojoji a Musoro a ƙarshen 2011, aka cire sunaye masu yawa, wanda ya nuna cewa abin yana yiwuwa idan daga sama aka so shi, sai dai tantancewar da aka yi sau ɗaya aka bari, ciyawa ce da aka nome a farkon damina. Wuri na biyu shi ne yawan manya. Rundunar da ke da janar-janar ɗaruruwa, kowanne da motoci da masu gadi da mai na wata-wata, tana kashe kuɗin da zai ciyar da sansanoni da dama a kan mutanen da yawancinsu ba su da wata runduna a ƙarƙashinsu. Na san dalilin da ya kawo haka, domin sau da yawa da muƙamin soja aka sayi zaman lafiya, an ba tsohon ɗan tawaye muƙami ya ajiye bindiga, kuma ba na raina wannan ciniki. Amma ciniki ne da ya kamata ya kasance da wa'adi. Wuri na uku shi ne sayen makamai a asirce. A Najeriya an tuhumi tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, a kan dala biliyan 2.1 na kuɗin makamai, na shekarun da sojoji a Borno suke kukan cewa Boko Haram ta fi su kayan faɗa. Kalmar sirrin tsaro tana da wurinta, domin babu mai hankalin da zai buga taswirar sansanoninsa a jarida, amma farashin taya da buhun gero ba sirri ba ne.

Akwai kuma wahalar da ta shafi lissafin kansa. A ƙasashenmu ba duk kuɗin tsaro ke bi ta ma'aikatar tsaro ba. A Kamaru an daɗe da sanin cewa rundunar BIR, wadda aka kafa don yaƙar masu tare hanya, ta kuma zama ƙashin bayan yaƙi da Boko Haram a jihar Arewa Mai Nisa, tana samun kuɗi ta hannun kamfanin mai na ƙasa, SNH. A Chadi rundunar da ke tsaron fadar shugaban ƙasa ta fi sauran soja kayan aiki da kulawa. Ma'anar wannan ita ce idan majalisa ta yanke adadin da ke rubuce a kasafi, wanda ragin zai samu shi ne ƙaramin soja na tsibirin tafki da na kan iyaka, wanda dama shi ne mafi ƙarancin rabo, ɓangaren da ya fi ƙoshi kuwa ko a jikinsa.

Idan kuma aka ce a rage yawan sojoji na gaske, a sani cewa wannan yana cin kuɗi kafin ya fara ceton kuɗi. A shekarun 1990 an sallami sojoji fiye da 20,000 a Chadi da tallafin Faransa da Bankin Duniya. An ba su kuɗin sallama, amma da yawa ba su samu sana'ar da za ta riƙe su ba, kuma a waɗannan shekaru ne zargina, wato 'yan fashi masu tare hanya, suka addabi hanyoyin kudancin Chadi da arewacin Kamaru da Afirka ta Tsakiya, suna tare motocin 'yan kasuwa, daga baya suka koma sace 'ya'yan makiyaya don neman fansa. Ba duk zargina ne tsofaffin sojoji ba, amma mutumin da bai iya komai ba sai bindiga, idan aka sallame shi da kuɗin wata shida, an san inda zai nufa a wata na bakwai. Fatake Hausawa da Fulani masu shanu su ne suka biya wannan tsimi da dukiyarsu da rayukansu.

Lokacin da muke ciki ma yana da nasa hukunci. Ranar 28 ga Nuwamban 2024 Chadi ta soke yarjejeniyar tsaro da Faransa, aka miƙa sansanin Faya, aka miƙa na Abeshe, na Injamena kuma a ƙarshen Janairun 2025. Ko mutum yana murna da wannan mataki, kuma akwai dalilan murna, dole ya yarda cewa akwai ayyukan da a da wani ke biya, yanzu sun dawo kanmu: leƙen asiri daga sama, jigilar sojoji da kaya ta jirgi, kwashe masu rauni. A Fabrairun 2019 jiragen Faransa ne suka tarwatsa ayarin 'yan tawayen da ya shigo ta Enedi. A Afrilun 2021 wani ayarin ya taso daga Libiya ya iso har Kanem, kuma a wannan faɗa ne shugaban ƙasa Idriss Déby ya rasa ransa. Tun 15 ga Afrilun 2023 Sudan take cikin yaƙi, dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira sun tsallako ta Adre, Nijar kuma ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi a 2025. A irin wannan hali, yanke kashi kaza daga kowane layi na kasafin soja kuskure ne da ba zan goyi bayansa ba, ko da na san halin da ajinka yake ciki.

Abin da zan goyi baya shi ne a bi abin daki-daki. A fara da ƙirga mutane, kowane soja da hoton yatsunsa, albashinsa ya tafi hannunsa kai tsaye ta banki ko ta waya ba ta hannun kwamanda ba, a kuma maimaita ƙirgar kowace shekara da sa idon mutanen da ba na cikin runduna ba. A tsayar da ƙarin girma zuwa janar har sai adadin ya sauko ta hanyar ritaya. A daina sayen sabon samfurin jirgi ko motar sulke matuƙar waɗanda ake da su ba su da kuɗin gyara na shekaru masu zuwa a rubuce. Kuɗin mai da abinci da magani da kayan gyara kuwa a kewaye shi da doka, a hana taɓa shi, har ma a ƙara masa daga abin da aka ceto, tare da gyaran rumbunan makamai, domin gobarar rumbun Guji a watan Yunin 2024, wadda ta yi ta jefa harsasai a kan gidajen mutane a Injamena, ta nuna cewa ajiya ma aiki ce mai neman kuɗi. Abin da ya saura bayan wannan shi ne rabon makarantu da asibitoci, kuma ina ganin a fara da na lardin Tafki, inda yaron da ba shi da aji ba shi da kamun kifi yake zama abin farautar masu ɗaukar mayaƙa. Ba zan ruɗe ka ba, a shekarar farko abin da zai iso gare ku ba zai yi yawa ba, domin ƙirga da sallama suna da nasu kuɗin. Daga shekara ta uku ne ake fara ganin bambanci, idan an riƙe tsarin.

Ku malamai kuna da ƙungiya, kuma ana kawo kasafin kuɗi gaban majalisa a ƙarshen kowace shekara. Da ni ne ku, ba zan tsaya a kan neman a rage kuɗin soja da kashi kaza ba, domin da kalma ɗaya za a rufe muku baki, a ce tsaro. Zan nemi ɗan majalisar mazaɓata ya tambayi mutum nawa ake biya albashi kuma yaushe aka ƙirga su ido da ido, nawa ne daga kuɗin tsaro ke bi ta wajen kasafi, sannan a cikin kowace mota goma da ke rubuce a littafi, nawa ne za su tashi idan aka murza makulli gobe da asuba. Biyun farko ana iya amsa su a bainar jama'a. Ta ukun a amsa ta a kwamitin tsaro na majalisa, ƙofa a rufe, amma a rubuce, da sa hannun wanda ya ba da amsar.